Ranar da Jakada Ya Kori Ƙasar Waje

Duk faɗin masarautar Daura ba a yi masanin harkokin duniya irin Alhaji Kalilu, jami'in yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma ba. Tafiyarsa mafi nisa ita ce Kongolam, inda ya taka Nijar da ƙafa ɗaya ya dawo. Tun daga ranar ya ce a riƙa kiransa Jakada.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Shekara goma sha ɗaya yana ofis, ba a taɓa jin muryarsa a rediyon waje ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, har mai sayar da rake an yi hira da shi, amma Jakada ko tarinsa ba a sa ba.

Kwatsam sai wata ƙasar Turai ta kori wakilin wata jaridarmu. A Abuja aka kaure da muhawara: a rama a kan ma'aikatan kafafen labaransu, ko a yi haƙuri? Jakada ya ce Abuja ta cika jan ƙafa, shi zai rama mata.

Aka duba sama da ƙasa a ƙaramar hukumar, babu Bature ko ɗaya. Sai Harisu, malamin firamare mai aika wa sashen Hausa na rediyon waccan ƙasar farashin gero da awaki.

Sakatarensa Amadu ya ce, "Ranka ya daɗe, ina za mu kore shi? A bayan gidanka fa aka binne cibiyarsa."

"Amadu, diflomasiyya ta fi ƙarfin kanka."

Ranar kasuwa Jakada ya sha babbar riga, ya hau benci, ya sa aka kira Harisu da rakodarsa. Ya yi gyaran murya.

"Daga wannan daƙiƙa, na haramta wa wakilin nan ɗaukar murya a ƙasata!"

Daga nan ya ɓarke. Ya gargaɗi Turai, ya ja kunnen Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ba wa tekun Bahar Rum wa'adi. Sa'a guda da kwata yana karkata baki wajen rakoda, gumi na zuba, zuciyarsa fes.

Washegari da la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarmi, aka dama fura, ya tara surukai da maƙwabta, ya sa wa rediyo sabon batir. Aka karanta labarai. Aka ce ƙasashen biyu sun shirya, Abuja ta fasa ramuwa. Aka yi wasanni, aka yi sallama. Surukai suka sunkuyar da kai cikin ƙoƙon fura.

Jakada ya aika aka zo da Harisu, ransa a ɓace.

"Kai, ina jawabina?"

Harisu ya durƙusa cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, ai kana faɗin dokar na kashe rakodar. Wa ya isa ya saɓa maka?"