Rasuwar Akwatin Dariya

Da zuciya mai nauyi, wadda ya kamata a ce tana cike da baƙin ciki amma har yanzu ban ji komai a cikinta ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Akwatin Dariya na shirin barkwancinmu na talabijin, Majiya Mai Tushe, wanda ake kwaikwayon ɗakin labarai a cikinsa. Ni ne mai kula da sauti. A hannuna ya yi aiki, a hannuna ya cika, kuma dariyar marigayiya matata tana cikinsa.

Marigayin ɗan ƙaramin akwati ne mai launin toka, da maɓallai a jere, kowane maɓalli da irin dariyarsa. Aikinsa ɗaya ne: idan Mai Karanta Labarai ya gyara kwat, ya sanar cewa Minista ya buɗe gada a inda babu kogi, sai in danna, marigayin ya ce hahaha, mutanen gida su gane wasa ake yi. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman hutu ba. Ya yi wa barkwanci mai daɗi dariya, ya yi wa marar daɗi, wanda shi ya fi yawa. Marubutanmu sun daɗe suna zaton su ne gwanaye, kuma bai taɓa tona musu asiri ba.

Lokacin da aka fara shirin, Darakta ya ce kowa ya zo da iyalinsa a naɗi dariyarsu. Matata ta zo da tsohon ciki, tana cewa ita ba abin da zai ba ta dariya a wannan wuri mai zafi. Ana cikin haka gashin bakin ƙarya na Mai Karanta Labarai ya faɗa cikin kofin shayinsa, shi kuwa ya ci gaba da karatu. Ta ƙyalƙyale. Dariyarta takan hau sama, ta tsaya kamar an shaƙe ta, sannan ta dire da “wayyo cikina”. Darakta ya ce a ware wa wannan dariyar maɓallinta, aka ba ta ja. Ta rasu 'yarmu tana rarrafe. Tun daga nan nake danna jan maɓallin sau ɗaya a kowane shiri, yarinyar kuma tana gaban talabijin tana jira, ta ce wa kakarta, “Ga Mama nan.”

Jinyar akwatin ta fara ne da tari. Sai in danna, ya yi ƙrrr, ya yi shiru, dariyar ta fito a makare, a kan labarin da ba na dariya ba. Na kai shi wajen mai gyara. Ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai, ya ce abin da ke riƙe sautin ya ƙone, kuma an daina yin irinsa. Na tambaya ko za a iya ciro ko da maɓalli ɗaya. Ya ce ba abin da ya rage a ciki. Na je ɗakin ajiya neman tsofaffin shirye-shirye, mai ajiya ya tuna mini cewa kowane mako goge kaset ɗin ake yi a ɗora sabo. Na san da haka, ni ma na sha gogewa da hannuna.

Makon da marigayin ya cika, haka aka watsa shirin ba dariya. Mutane suka yi ta bugo waya suna tambayar ta ina ake bi a hau sabuwar gadar. Ɗakin labarai na gaskiya, da ke ƙofar da ke kallon tamu, ya ɗauki labarin ya saka a kanun yamma. Darakta ya yi ta faɗa. Ni ina zaune da yatsana a kan jan maɓallin, ina dannawa a inda na saba.

Marigayin ya bar makirufo biyu, ɗaya kurma. Tebur ɗin labarai mai ɗingishi. Da taswirar hasashen yanayi da ba ta taɓa faɗin gaskiya ba. Ya bar ni. Ya bar yarinya da ta ce wa kakarta wataƙila Mama ba ta ji daɗin shirin makon jiya ba ne. Kakar ta dube ni, na ce wataƙila.

Za a kai marigayin makwancinsa gobe da hantsi, a saman kantar ɗakin ajiya, kusa da fankar da ta riga shi. Ba a buƙatar jawabi. Daga nan za a wuce situdiyo, domin Darakta ya ce kowa ya sake zuwa da iyalinsa a naɗi sabuwar dariya. Ni zan tsaya a gaba: idan na ɗaga hannu a yi dariya, idan na sauke a yi shiru. Yarinyar ta ce za ta zo, ta kuma roƙi a bar kujera ɗaya a kusa da ita. Na faɗa wa mai jera kujeru, ya ce ba matsala.