Harshen Nini Masniah

"Lafiya ƙalau na kwana, sai da na buɗe ƙofa na ci karo da kai," in ji Nini Masniah, tana laluben takalminta da ƙafa. "Wa ya aiko ka da wannan kan naka kamar kwakwar da biri ya yar?"

"Ke kika aiko ni, tsohuwa. Jiya kika rantse in na sayi zoben nan ba da ke ba, ba za ki ci shinkafar bikina ba. Har na so in tafi ni kaɗai ko shinkafar ta ishi baƙi."

"Kawo babur ɗin, marar kunya."

Razi jikanta ne, malamin firamare; Nini kuwa kaka ke nan a yarensu. Gobe bayan la'asar za a kai zoben baikonsa gidan su Wahdah, kuma a Martapura, garin masu haƙar lu'ulu'u, ba a kai wa mutane lu'ulu'u da ka. Kawun yarinyar magogin lu'ulu'u ne, kafin shayi ya huce zai zaro madubinsa ya kafa a ido a gaban dangi. Ita kuwa Nini shekara arba'in ta yi a bakin faifan goge, har manyan 'yan kasuwa kan aiko mata duwatsu ta duba musu. Amma Razi ya daɗe da lura tana zuba shayi a gefen kofi, ranar nan ma rigar da ke rataye ta gaisar. Babu wanda ya taɓa yin maganar idon nata a gida. Tsoronsa ɗaya ne: ta zaɓa masa dutse mai aibi, ya rasa yadda zai yi, ko ya kai abin kunya gidan surukai, ko ya ƙi zaɓinta a gaban mutane ya karya mata zuciya.

Da suka isa shagon lu'ulu'u, Haji Asmuni, mai shagon, miƙewa ya yi da ganinta, ya jawo mata kujera da kansa.

"Haji, yankan baget muke so," in ji Razi. "Dogon nan mai kusurwa huɗu."

"Ji shi kamar ya san abin," in ji Nini. "Wa ya koya maka?"

"Wahdah ce. A asibiti take aiki, kullum tana cikin safar hannu. Ta ce mai tsini yaga safa yake yi, tana son wanda zai kwanta a yatsa."

"Ashe yarinyar na da hankali. To me ta gani a jikinka?"

"Kyawun da na gado wajen kakana. Na wajenki ne Allah ya tsare ni."

"Kakanka da kunnuwa kamar faifan goge? Ni na rufa masa asiri."

Haji ya buɗe 'yar takarda a kan farin ƙyalle. Duwatsu biyu ne, babba da ƙarami, a miƙe sambal, haske na tafiya a cikinsu daki-daki kamar matakalar masallaci. Razi bai san sanda ya miƙa yatsa ba.

"Wannan babban lu'ulu'un..."

Nini ta kaɗe masa hannu. "Galuh ake cewa. Gimbiya ce, ba a kiran sunanta gatsal, ba a nuna ta da yatsa. Da a ramin da ake haƙo ta ka yi haka, da tuni an koro ka da laka a wuya."

"Nan shago ne, Nini, har da na'urar sanyi."

"Gimbiya ba ta sauka daga sarauta don ta shiga shago. Ka saurara, jahili. Yankan nan mai zagaye da kowa ke rububi surutu gare shi, da walƙiya yake rufe aibinsa. Wannan kuwa taga ce a buɗe. Abin da ke cikinsa shi za ka gani, ba ya iya ƙarya. Shi ya sa ba kowane magogi ke da zuciyar yanka shi ba."

Ta karɓi madubin ta kafa a ido, ta sunkuya. Razi ya ga gefen takardar take dubawa, inda babu komai. Haji ma ya gani, sai ya juya yana gyara abin da bai lalace ba a cikin akwati. Tausayinta ya kama Razi.

"Nini, bar shi kawai, kar ki gaji. Babban zan ɗauka."

"Gajiya? Ni na goya ka, kana da nauyin buhun siminti, ban gaji ba." Ta ajiye madubin a hankali. "Haji, madubin nan naka na 'yan koyo ne. Ba ni ruwa."

Ta kurkure baki, ta yi bisimilla, ta yi salati kamar yadda masu haƙa ke yi in sun dace. Sannan ta lalubo babban dutsen da yatsu biyu ta jefa a baki. Haka mutanen rami ke yi wa Galuh don kar ta gudu, amma Razi bai taɓa ganin an yi a shago ba.

"Nini, in kika haɗiye, wallahi ke zan ɗora a tire in kai gidan su Wahdah."

Ta ɗaga masa hannu, idanunta a rufe, kumatunta na motsi a hankali. Can ta fito da shi ta ajiye a ƙyalle, ta ɗauki ƙaramin ta yi masa haka nan. Shi ya fi daɗewa a bakinta.

"Da ka kai ni a tire da sun ga kaya," in ji ta. "Babban nan ya ɓantare a kusurwa ɗaya, ta ƙasa. Da maƙeri ya matsa masa haƙorin zobe zai tsage."

"Haba Nini," in ji Haji, "ni da kaina na duba shi."

"Sake dubawa, ɗan nan."

Haji ya goge dutsen, ya kama shi da hantsaki, ya juya shi a ƙarƙashin fitila sau uku. Daga nan ya cire hularsa ya sosa kai.

"Ga shi nan kuwa. Bai kai kan allura ba. Ku gafarce ni, wallahi ya wuce ni."

"Ƙaramin kuwa sumul yake ko'ina," in ji Nini. "Wanda ya goge shi bai yi gaggawar zuwa cin abinci ba. Allah ya yi wa hannunsa albarka, ko waye."

Haji ya duba cikin ƙaramin, ya ce kamar ruwan rijiya.

Razi ya tsaya yana kallonta baki buɗe, amma bakin bai mutu ba. "Ashe shi ya sa kike yi min tsiya tun ina yaro. Wasa harshen kike yi a kaina."

"Da me zan wasa shi, in ba da abu mai taurin kai ba?"

"Amma ƙarami ne fa, Nini. Kawunta zai ce na yi rowa."

"Kawun nata ni na koya masa riƙe hantsaki. In ya ce ƙarami ne, ka ce masa daga bakin Masniah ya fito, ka ga ko zai ƙara magana."

Razi ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu. "Na bi. Haji, a ɗora ƙaramin a zoben." Sai ya durƙusa kusa da kujerarta, ya rage murya. "Nini, idon fa..."

"Na san kun sani," in ji ta, tana lalubo kunnensa ta ja. "Tun azumin bara rabon da in ga fuskarka sosai. Ka ga kuwa Allah bai bar ni haka ba, ya hutar da ni."

Dariya ta ƙwace masa tare da hawaye. Ya kama hannun nata ya ɗora a goshinsa.

"Gobe ke za ki riƙe zoben har gidansu."

"Da wa zai riƙe? Kai da ko babur ba ka iya riƙewa ba. Tashi ka saya min wainar kwakwa, bakina duk ɗanɗanon dukiyar Haji."