Rasuwar Shehzadi, Motar da Ta Ci Amanata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cinye rabinta, ni Nauman Siddiqui na unguwar Nazimabad a Karachi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata ta fari, Shehzadi. Ta cika a kan titin Hyderabad, tana ɗauke da ni da mahaifiyata da kwalayen alawa, a hanyarmu ta zuwa neman aure.

Marigayiya da tsufanta ta shigo gidanmu. Fara ce, mai tarin asuba, "kurr-kurr-tuf", ba ta tashi sai da lallashi. Mun yanka mata baƙin bunsuru sadaka, mun ɗaura mata baƙin ƙyalle a baya saboda kambun baka. Ashe bakin da zai kama ta a gidanmu yake cin abinci.

Ni da kaina na sa aka liƙa mata na'urar bin sawu, saboda ɓarayi, kuma don in riƙa duba tuƙina a waya: gudun da na yi, birkin da na taka, man da ta sha. Da kamfanin na'urar ya nemi lambar wanda za a riƙa kira, wan mahaifina, Taya Ghafoor, yana zaune kusa da ni. A gidanmu yaro ba ya miƙa lambarsa babba na zaune. Na ba da tasa.

Daga ranar Shehzadi ta zama 'yar rahoto. Ni nake sayen mai, Taya take yi wa biyayya. Ana cikin cin abinci sai ya ɗaga waya: "Ɗana, wannan gudun na jiya fa? Gidan uban wa ake gobara?" Ita ta faɗa masa ƙofar da nake tsayawa duk Lahadi a Hyderabad, ƙofar su Rubina, yarinyar da nake so, alhali tun ina goye ya yi mini tanadin 'yarsa.

Ciwon ajalinta gajere ne. Muna fita daga gari kamfani ya kira Taya don a tabbatar da tafiyar, kamar kullum. Sai ya ce, "Ban san da wata tafiya ba. Sace ta aka yi, ku kashe ta." Daga ofis suka kashe injin. Ta ce "tik, tik", ta yi shiru a tsakiyar titi. Da ƙyar na ja mahaifiyata gefe kafin wata babbar mota ta zo ta ƙarasa ta. 'Yan sanda suka riƙe ni har yamma a kan satar motata, shinkafar su Rubina ta huce. Mahaifinta ya aiko cewa, "Gidan da babbansu ke kiran ɗansu ɓarawo, ba ma ba su 'ya."

Ta rasu ta bar tayar ajiya, da baƙin ƙyalle ko ƙwarzane babu, da na'urar nan mai taurin rai. Ita yanzu na manna ta a ƙarƙashin babur ɗin Taya, lambar matarsa na ba kamfani. Ya ce ziyarar waliyyai yake zuwa duk Alhamis. Allah ya sa.

Za a kai gawa kasuwar 'yan gwangwan ta Shershah ranar Lahadi bayan azahar, inda za a yanka ta a auna a sikeli. Ba a karɓar gaisuwar Taya, ko ta aike. Lahadin na zaɓa don in sami wurin zuwa, domin a ranar za a ɗaura auren Rubina da wani malamin makaranta da ya je neman aurenta a bas, ya kuma isa a kan lokaci.