Darmar Birgi

A garinmu na bakin kogi akwai wani tsohon ɗan sanda, Sufeto Jatau. Ya ajiye kaki tuntuni, amma abu biyu ya ƙi ajiyewa, gashin bakinsa da cika bakinsa. Gashin bakin nan kuwa ba na wasa ba ne. Ya yi kauri, ya murɗe ta gefe da gefe kamar ƙahon rago, kullum yana shan mai. In Sufeto zai yi ƙarya sai ya fara murza shi tukuna, shi ya sa gashin bai taɓa samun hutu ba.

Tsofaffin masu kaki na garin suna da ƙungiya, kuma duk shekara sukan ware rana guda su fita gasar harbi da libarba, wato ƙaramar bindigar nan ta hannu mai juyawa. Kowa harsashin kamfani yake sawa, ban da Sufeto. Shi da hannunsa yake zuba nasa. Zai hura gawayi a zaure, ya narka darma a tsohon ludayin ƙarfe, ya tsiyaya a ɗan abin zubinsa, ya shafe da kakin zuma, sa'annan ya ɗura albarushi a tsofaffin kwansuna ya toshe. Abin da ke ba mutane dariya shi ne kan harsashin. Na kowa da tsini, nasa kuwa a daddaɗe kamar kan ganga. In an tambaye shi sai ya murza gashin baki ya ce mai tsini yaga takardar da ake harbi yake yi, alƙalai su yi ta gardama a kan inda ya shiga, amma mai kan ganga huda yake fitarwa zagayayya tsaf, kamar baduku ne ya huda, ba musu ba jayayya. Wannan kam gaskiya ya faɗa, a ba shi abinsa. Abin da ba ya faɗa shi ne, likita ya daɗe da rubuta masa tabarau, shi kuwa ya ce tabarau kayan akawu ne, ba na maharba ba.

To, Sufeto yana da taubashi, ɗan kawunsa, wani masunci mai suna Mati. Kun dai san wasan taubasai, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma in ɗaya ya yi wa ɗaya ɓarna ba a kai ƙara, sai dai a rama. Ana saura 'yan kwanaki gasa, darmar Sufeto ta ƙare ƙaf, ɗan gwangwan ɗin, mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke kawo masa, kuma ya yi ɓatan dabo. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, domin ya riga ya shelanta wa duk majalisa cewa bana ba mai kama ƙafarsa. Yana cikin wannan zulumi ya bi ta ƙofar gidan Mati da hantsi, sai ga birgi a shanye a kan danga, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe ta nutse a kan kifi. Bakinta kuwa jere yake da 'yan dunƙulen darma, su ne ke jan ta ƙasa. Sufeto ya duba gabas ya duba yamma, ya ce a ransa kayan bawa ai na ubangidansa ne. Ya zaro wuƙar aljihu ya tsinke su tas, ya cika aljihun 'yar-shara, ya tafi yana rangaji saboda nauyi.

Washegari Mati ya shiga kwalekwale, ya naɗe birgi a kafaɗa. Ya ji ta sakayau, amma ya zaci ƙarfi ne ya ƙaru masa. Ya juya ya wurga. Birgi ta buɗe, ta kwanta a kan ruwa shame-shame kamar an shanya zane, kifaye na wucewa ta ƙarƙashi hankali kwance. Masunta suka yi ta dariya har wani ya kusa kifewa da jirginsa. Mati ya ji kunya ba kaɗan ba. Ya jawo raga ya duba bakin, ya ga yankan wuƙa, nan take ya san aikin wane ne, don duk garin mutum ɗaya ne ke cin darma kamar tuwo. Ya haɗiye abinsa, ya jira rana.

Ranar gasa ta zo. Filin harbin yana bayan gari, an kafa allo an manna masa farar takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya. Bayan allon akwai tudun yashi, bayan tudun kuma kogi ne, don haka a ranar akan hana jirage bi ta wannan gefen. Masunta ba aiki ke nan, sai suka taho kallo, Mati na gaba da jakar wanzami a rataye. Ya ratsa taro har inda Sufeto yake jera harsasansa sababbi fil, suna ƙyalli.

“Bawana, ka kwana lafiya?” in ji Mati. “Kai, waɗannan 'yan ganguna sun yi kyau. Ina ka samo darma haka a wannan marra?”

Sufeto ya murza gashin baki. “Daga Ikko aka aiko mini. Ba irin wadda ka sani ba ce, ɗan su.”

“Ai na gani. To in ka kuskure fa?”

“Ni? Jatau? In harsashi ɗaya ya fita daga takardar can, ɗaya tak, ka aske gashin bakin nan a gaban kowa.”

“Jama'a kun ji?”

Jama'a suka amsa sun ji. Alƙalin gasa, wani tsohon Manjo mai son nishaɗi, ya ce shi ma shaida ne. Mati ya nemi inuwa ya zauna, ya fito da aska yana wasa ta a tafin hannu.

Aka kira Sufeto. Ya tsaya ya gyara tsayuwa, hannu ɗaya a ƙugu, ya miƙe ɗayan, ya kanne ido. Abin da bai gaya wa kowa ba, takardu biyu yake hangowa, kuma dukansu rawa suke yi. Ya zaɓi wadda ta fi natsuwa, ya ɗana. Tau! Can bayan tudu sai aka ji tsulum. Ya sake. Tau! Tsulum. Gumi ya fara keto masa. Ya ci gaba har libarba ta ƙare, kowane tau da tsulum ɗinsa, kamar mai kiɗa da mai amshi.

Manjo ya taka ya je ya ciro takarda, ya ɗaga ta sama ya duba ta rana, ya juya bayanta ya sake dubawa. Ya dawo yana cije leɓe.

“Sufeto,” ya ce, “ka yi gaskiya, harsashinka ba ya jawo gardama. Wannan takarda ko baɗi ma a yi gasa da ita.”

Fili ya kece da dariya. Sufeto ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kama gashin bakinsa da hannu biyu, ya ga Mati ya taso da aska da ɗan kaskon ruwa, sai ya fara ja da baya yana rantse-rantse.

“Mati, tsaya! Wallahi saitina daidai yake. Shekara da shekaru ina zuba harsashi, bai taɓa yi mini haka ba. Ban san abin da ya shiga kan waɗannan ba!”

Mati ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi a kan turmi, ya jiƙa gashin da ruwa a hankali, ya ce:

“Saitinka lafiya lau, taubashi. Darmar birgina ce. Tun tana ƙarama faɗawa ruwa na koya mata, kai kuma a zubi ɗaya kake so ta iya takarda?”