An Miƙar da Bayan Mutmainna a Fosta

Jama'a, yau da safe na sha barka har hannuna ya yi tsami. Daga ƙofar gidana a Akurba zuwa bakin titi, kowa sai ya tare ni, wai sun ga 'yata Mutmainna ta warke. A fosta suka gani. Ni kuwa na baro ta a gida kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadda ta kwana.

Bari in faro muku daga tushe. Uwarta, Zuwairatu, ita ta fara lura. Yarinya ta duƙa tana shara, sai ga gefe ɗaya na bayanta ya taso kamar an ɓoye doya a cikin riga. Kafin la'asar unguwa ta cika da likitoci. Baballe mai shayi ya ce iska ce. Surukata ta ce a kai ta wurin maɗori ya taka bayan. Maƙwabcina Aondohemba mai doya ya ce, "Oga Na'Allah, yarinya yana ɗauka jarka da hannu ɗaya. Ka sa shi ya canja hannu, zai balans."

Muka je asibiti dai. Wata Dakta Bilqis, Allah ya yi mata albarka, ta sa yarinyar ta duƙa, ta duba da kyau, ta ce ba iska ba ce, ba kuma jarka ba. Ƙashin baya ne ke karkacewa lokacin da yaro ke tsawo, sau da yawa ba a ma san dalili ba. Ta ce, "Baba, sai an ɗauki hoton ƙashin mun auna karkatar. In kaɗan ce, mu sa ido. In ta ɗan yi yawa, akwai rigar roba mai tauri da ke riƙe baya. Amma rigar tana amfani ne muddin yarinya tana tsawo. In ta gama girma, ko karkatar ta yi nisa, sai dai tiyata."

Na ce to bismillah, a ɗauka. Ta nuna mini wata ƙofa a kulle. Injin yana ciki, sabo fil a ledarsa. Mai Girma Uban Almakashi ne ya kawo shi, kuma kun san al'adarmu: ba a kunna inji sai wanda ya kawo shi ya zo da makaɗa ya yanka ƙyalle. In an kunna babu shi, wa zai san nasa ne?

Muka shiga jira. Ranka ya daɗe ya tafi ɗaurin aure, ya wuce taro, daga can ya haye jirgi zuwa ƙasar waje, wai nasa bayan ke ɗan damunsa. Allah ya ƙara masa lafiya, ai bayansa na al'umma ne. Mutmainna kuwa ba ta jira shi ba. Siket ɗin makarantarta ya ɗage, ta kamo uwarta a tsawo, ta koma sa zumbulelen hijabi tana bin jikin bango saboda tsokanar 'yan aji. Wallahi ban taɓa zaton zan ga 'yata tana tsawo gabana ya riƙa faɗuwa ba.

Shekaranjiya sai ga rumfuna da kujerun haya. Aka aiko ana neman mara lafiya ɗaya da za a fara da shi. Na ce alhamdulillahi, muka isa tun kafin makaɗa. Mai Girma ya yanka ƙyalle, aka yi guɗa, ya dafa kafaɗar Mutmainna. Mai kyamara ya ce, "Ke yarinya, miƙe sosai mana, kina ɓata wa Oga tsayuwa."

Ta ce a hankali, "Iyakar miƙewata ke nan."

Ni na san abin da na haɗiye a wurin. Shi kuwa gwanin bai damu ba, ya karkata kyamararsa, ya ƙyasta. Motoci suka tashi. Na ce to, a kunna inji. Ashe janareton ma na haya ne, tare da rumfuna ya koma.

Dakta Bilqis ta ja ni gefe ta ce, "Baba, kada ka ƙara jira. Ka kai ta wani gari tun da sauran lokaci." Yau Aondohemba ya ce motar doyarsa za ta tashi gobe, ya ba mu gidan gaba. Ku taya mu da addu'a a tarar rigar robar za ta yi.

In kun bi ta wurin fostar, ku tsaya ku duba da kyau. Mutmainna ta miƙe sambal, amma Mai Girma da ginin asibitin duk sun kwanta gefe guda. Na nuna wa Dakta, na tambaye ta ko akwai rigar roba daidai shi. Ta kalli fostar ta ce wannan ai ya gama girma, sai dai tiyata.