Ranar da Na Kai Tuje Gidan Inna

Ko da zan manta da komai na aikina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai tuje gidan Inna ba. Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, kuma abin takaicin, na rasa wanda zan huce a kansa in ba kaina ba.

A shekarun da kowa ya ruga haƙar zinari wajen Bagega, wani attajiri ɗan Anka, wanda muke kira Alhaji kawai, ya ɗauki hanya daban. Ya ce dajin da ya sani yana yaro ya ƙare, mafarauta sun cinye rabin namun, ramukan haƙa sun kori sauran. Sai ya killace wani makeken fili a bayan gari ya kafa gidan namun daji, ba don kallo kaɗai ba, don abin da ya rage ya hayayyafa a mayar da shi daji. Aka kawo barewa, jimina, gauraka, kuraye, har da kadoji. Ni kuma aka ɗauke ni jami'in wayar da kai, wato mai bin ƙauyuka yana roƙon mutane su daina cin duk abin da ya motsa. (An ba ni riga mai aljihu barkatai da malafa. Na ɗauki kaina wani babba, ba zan ɓoye ba.)

Abin da ya fi tsaya wa Alhaji a rai shi ne tuje, wani ƙaton tsuntsun daji mai dogayen ƙafafu, wanda yanzu sai ka yi shekaru ba ka ji wanda ya gan shi ba. Muna da namiji ɗaya tilo, ba mace. Dakta Lawali, likitan dabbobinmu, ya ce in ba a samo masa mace ba, to zancen tuje ya ƙare a yankinmu. Aka ɗora mini nema. Na sha rana, na sha baƙar magana, har Allah Ya sa wani mafarauci a fadamar Gummi ya kama mace da ranta. Sai da na yi masa magiya kamar mai neman aure kafin ya sakar mini ita.

Na sa ta a babban kwando, na rufa mata zane, na ɗaure a bayan babur. Da na kira Dakta a waya, ya ce kada in kuskura in kai ta har Anka a haka, jijjigar hanya za ta kashe ta. In tsaya Bukkuyum, garinmu, shi da Alhaji za su zo da mota mai keji.

Na shiga gida da hantsi. Inna, mahaifiyata, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na sauke kwandon a inuwa, ta ɗaga zanen, fuskarta ta washe.

"Kai, Auta! Tuje na wanga? Rabona da ganin tuje tun Malam babanka na da rai!"

A nan ne na yi maganar da ta hallaka ni. Na ce, "Inna, ga shi nan. Kuma yau ina da manyan baƙi, maigidana da kansa zai zo." Na juya na hau babur, na tafi mararraba in tarye su.

Yanzu don Allah ku duba. Ɗa ya dawo daga tafiya, ya ajiye tsuntsu a gaban uwarsa, ya ce yana da baƙi. A duk ƙasar Zamfara wannan magana fassara ɗaya gare ta. Ni da nake yawon wayar wa duniya da kai, ban taɓa zama na yi wa Inna bayanin aikina ba. Abin da take faɗa wa maƙwabta shi ne ina kiwo wurin wani Alhaji.

Motarsu ta yi faci a hanya, ba su iso ba sai bayan azahar. Muna zama a zaure aka fara miƙo kwanuka. Dakta ya ce a fara nuna masa tsuntsuwar. Ni, da bakina, na ce, "Haba Dakta, baƙo ya ci abinci tukuna. Tana nan lafiya lau cikin inuwa."

Shinkafa ce da farfesu, ƙamshi ya cika zauren. Na ɗauka zakaran gidan Inna ta sa aka yanka, ko da yake na ɗan yi mamakin girman cinyar da ta faɗo hannuna. Ban tsaya bincike ba, yunwa ba ta tambaya. Kuma da yake ina son Alhaji ya san bai yi asarar ɗaukata ba, sai na buɗe wa'azi, baki cike da nama.

"Ranka ya daɗe, matsalar mutanenmu ciki ne. Duk abin da suka gani sai tukunya. Ba tunani, ba hangen gobe!"

Alhaji yana gyaɗa kai yana tsotsar ƙashi. Ya ce bai ci nama mai daɗin wannan ba tun yana yaro. Na ƙara masa romo. Na ƙara wa kaina ma. (Sau biyu, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce.) Dakta kuwa sai jujjuya wani dogon ƙashi yake yi yana kallona.

Sai ga sallamar Inna daga bayan ƙofa, ta zo gaida baƙi.

"Alhaji, ku yi haƙuri da ɗan abin da anka samu. Yaron ga bai hwaɗa min da wuri ba, ya dai aje min tuje yat tahi. Sai da nik kira kawunai yaz zo ya yanka. Ga sauran nan na ƙunshe, a kai ma iyali."

Ta turo ƙunshin cikin zauren.

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Loma tana bakina, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Alhaji ya ajiye ƙashinsa a hankali, ya dubi hannunsa, ya dube ni. Can ya daure ya ce, "Inna, mun gode, Allah Ya saka da alheri." Mutumin kirki, ba zai kunyata tsohuwa a gidanta ba. Ni ya ajiye wa nawa.

Da suka fita na faɗa cikin gida ina kumfar baki. Na ce, "Inna, mata ce fa aka samo wa namijin da ke can! Ita kaɗai ta rage!"

Ko gezau. Ta ce, "To kai mi ya hana ka hwaɗi? Amarya a ka kawowa cikin kwando a aje ta gaban murhu?"

Na sunkuya na ɗauki kwandona, na fice.

Ba a kore ni ba, kuma da korar aka yi da ta fi mini sauƙi. Alhaji ya karɓe malafar da yawon ƙauyuka, ya ce tunda na san ɗanɗanon matar, ni zan riƙa ciyar da mijin. Haka na yi ta kai masa abinci safe da yamma. Damina na sauka sai ya kumbura wuya ya yi ta taƙama cikin keji yana kiran mace, ni kuma ina tsaye da kwano kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ba a sake samun wata ba har na bar aikin.

Darasin da na koya bai da tsawo. Kafin ka fita gyara mutanen gari, fara da wadda ke riƙe da tukunyar gidanku. In kuwa ka shiga gidan uwarka da abu mai fuka-fuki, faɗi matsayinsa tun kafin ka yi sallama.