Karen sito da babbar rigar Kawu

Na daɗe ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma zancen kare ba abin da ake yi a cikin mutane ba ne. Amma ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar bara ba.

Gadi nake yi a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, a nan ƙasar Larabawa. Mudir ɗinmu, wato manaja, ya karɓo wani kare daga wajen masu tsintar karnukan titi, wai ya taya ni gadi. Karen ya sha duka kafin ya zo hannunmu, hannu kawai za ka ɗaga ya haukace. Ni kuwa mai wasiwasi ne (ko wutsiyarsa ta gogi wandona sai na wanke, in dawo ina tambayar kaina ko na wanke daidai). Sai ga shi ni aka ɗora wa kula da shi.

Mudir ya kawo wani Basudane mai horar da karnuka ya koya mini. Ya ce kare ba ya cizo sai ya yi gargaɗi. In ya yi hamma ba barci yake ji ba, in yana lasar baki ba yunwa ba ce, tsoro ne. In ya sandare har farin idonsa ya fito, ka janye shi nesa nan take ya huce. Na riƙe wannan kamar karatun allo. Bayan watanni, lebura zai wuce, karen ya kalle shi, ya juyo ya kalle ni, in jefa masa guntun kaza. Mudir ya ce sharaɗinsa ɗaya: ranar da karen ya taɓa mutum, halas, shi ke nan, ya bar sito.

Ranar Sallah da la'asar na fito da shi a igiya, sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya samo mini aikin nan. Tun daga unguwar Shumaisi ya taso da babbar riga mai sitaci. Na tsuguna kamar yadda aka rene ni, igiya a naɗe a hannuna.

"An yi Sallah lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

Ya ɗaga hannu ya gyara rigar a kafaɗa. Karen ya yi hamma.

"Ka ga abokin aikin naka barci yake ji. Ashe ragwaye biyu aka haɗa."

Na yi dariyar dole. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi jikin Inna, kowace tambaya sai ya sake ɗaga hannun riga. Karen ya lashi baki. Ya sandare. Wallahi na ga farin idon nan sarai. Zuciyata na cewa tashi, tarbiyya na cewa wa ya taɓa juya wa kawunsa baya ana tsakiyar gaisuwa, saboda kare? Bakina kuwa bai fasa ba: lafiya lau, lafiya lau.

Sai Kawu ya ɗaga hannu biyu zai yi mini addu'a.

Da yake a tsugune nake, fizga ɗaya na kifa da fuska. Karen ya ja ni a kan kwalta ya cafki rigar, ya yage ta har ƙasa, haƙori ya karci hannun Kawu.

"Innalillahi! Kai ɗan nema, kura aka ba ka kiwo?"

Masu gadin maƙwabta suka fito suna dariya, ni ina kwance, hula a gefe, baki cike da ƙasa.

Washegari mudir ya kunna mini hoton kyamarar ƙofa. Ya tsayar da shi daidai inda karen ya sandare, ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Ya ce, "To me ya sa?" Da wane Larabcin zan bayyana masa kunya? Na sunkuyar da kai. Kafin azahar direban sito ya sa karen a bayan mota. Bai ko yi haushi ba.

Kawu ya warke, ya ɗinka sabuwar riga, yana ba da labarin ana dariya. Karen da ya yi gargaɗi har sau uku shi ya biya. Na dai gane cewa na koyi jin maganar dabba, ban koyi cewa "Kawu, ɗan dakata" ba.

Direban ya ce a hanyar garin Kharj ya sauke shi, bai tuna daidai ina ba. Karen ja ne, siriri, kunnen hagu a yanke. Don Allah wanda ke bin hanyar nan, in ya gan shi, ko ya san masu tsintar karnuka a wajen, ya sanar da ni. In kun same shi kada ku ɗaga hannu.